Zongon Kwatano da Tarihin Barasa: Daga Jiragen Bayi zuwa Ɗakunan Ɗalibai

Unguwar Zongo tana cikin gunduma ta biyar daga cikin gundumomi 13 na birnin Kwatano, babban birnin kasuwanci na Jamhuriyar Benin, ba nisa da tashar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa. Mazaunanta galibi Musulmi ne: Hausawa daga Nijar da Najeriya, Zabarmawa, Dandawa, Fulani da Yarbawa. Babban masallacinta na daga cikin sanannun masallatan birnin. A maƙwabtanta kuwa akwai Jonquet, unguwar da ta daɗe da yin suna wajen tashoshin mota, 'yan canji, mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ce ta raba sahun salla da teburin giya. A haka al'ummar Zongo ta rayu fiye da shekara ɗari, kuma cikin wannan yanayi ɗaliban jami'o'in Kwatano, 'yan ƙasa da baƙi, suke karatu a yau.

Asalin zangunan ƙasar Benin fataucin goro ne. Tun ƙarni na 18 ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina, daga baya har da Sakkwato, da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su dangana da Salga a ƙasar Gwanja. Duk inda madugu ya saba sauke ayari, sannu a hankali wurin kan zama unguwa mai masallaci da limami da sarkin zango da mahauta. Waɗannan zangunan na arewa ne. Na bakin teku sun zo daga baya, bayan hanyar Gwanja ta raunana a ƙarshen ƙarni na 19, kasuwa ta koma inda jiragen Turawa ke tsayawa. A farkon shekarun 1890 Faransawa sun kafa rundunar sojan da suka raɗa wa sunan Hausawa, suka yi amfani da ita a yaƙinsu da Sarki Behanzin na Dahome, kamar yadda Ingilishi suka riga suka yi a Legas. Tsofaffin sojoji, dillalan shanu, mahauta, malamai da 'yan koli su ne tubalin zangunan garuruwan gaɓar teku.

Barasa ta riga su isa wannan gaɓa da ƙarnuka. Mutanen kudu suna da bammi, wanda ake tatsa daga itacen kwakwar manja, na arewa kuma suna da burukutun dawa da suke kira cukutu. Dukansu ba su da ƙarfi ainun, ba sa kuma jure ajiya, saboda haka shansu ya fi tafiya da biki, gayya da hidimar gargajiya, a gaban manya. Abin da ya sauya lamarin shi ne cinikin bayi. A tashar Wida, wadda Dahome ta ci da yaƙi a 1727, jiragen Fotugal da Barazil sun riƙa sauke taba da barasar rake, na sauran Turawa kuma su kawo tasu, a musanya su da mutane. Cikin waɗanda aka sayar a wannan gaɓa har da Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka kai su Bahiya a Barazil. Ke nan farkon haɗuwar Bahaushe da barasar bakin teku haɗuwa ce ta baƙin ciki, domin ita ce wani ɓangare na farashin da aka biya a kansa.

Kwatano kanta ƙaramin ƙauye ce a zamanin Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, shi ne kuma ya ƙarfafa noman kwakwar manja da cinikin bayi ya fara ja da baya. Yarjejeniyoyin 1868 da 1878, a zamanin Sarki Glele, su Faransa ta riƙe hujjar mallakar wurin. Bayan an ci Behanzin, aka kafa mulkin mallakar Dahome a 1894, fadar gwamnati tana Porto-Novo, amma gadar ƙarfen da aka miƙa cikin teku don sauke kaya a Kwatano take, daga nan kuma layin dogo ya tashi ya nufi arewa har ya kai Paraku a shekarun 1930. Manja da ƙwarar kwakwa suna fita, akwatunan barasar Holan da Jamus suna shigowa. Harajin kwastan da ake ɗora wa barasa ya zama babban kaso na kuɗin shigar gwamnatin mallaka, a Dahome da kudancin Najeriya baki ɗaya. Kwalba ta shiga kayan aure, ta shiga zubar da ake yi wa kakanni da gumakan bodun, har a wasu sassan kudancin Najeriya ta zama tamkar kuɗin ciniki.

A nan ne tarihin arewa da na kudu ya rabu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba ƙasashen Turai damar hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta kafu ba, musamman na Musulmi. Gwamna Lugga ya yi amfani da wannan ya sa Arewacin Najeriya cikin yankin hani. A Kano, giya ta zama abin Sabon Gari, unguwar baƙi da ke wajen ganuwa. A Kwatano abin ya juye: gari ne ke sha, unguwar baƙi ce ke ƙauracewa. Bahaushen Zongo ba shi da sarki ko alƙalin da zai hana maƙwabcinsa buɗe mashaya. Abin da yake da shi bai wuce limami, makarantar allo, idon dattijai da kunyar kada a gan shi ba. Wannan katanga ta yi aiki matuƙa, amma ba ta hana mu'amala ba. Mai tsire da balangu, wanda a Benin ake kiran sana'arsa cacanga, sau da yawa a ƙofar mashaya yake kafa tukubarsa da dare, da fitila da jarida ta naɗe nama da gwangwanin yaji, domin masu shan giya su ne manyan masu sayensa. Yana ganin wanda ya shiga da wadda aka fito da ita tana tangaɗi, ya kuwa san bambancin wadda ta tafi da ƙafarta da wadda aka ɗora a kan babur.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta taƙaita shigo da barasar fatauci mai araha, haraji ya hau, sannan karayar tattalin arzikin 1929 ta tsuke aljihun manoma. Cikin wannan giɓi sodabi ta bunƙasa. Labarin da ya fi yaɗuwa a ƙasar shi ne cewa wani tsohon soja mai suna Sodabi ne ya koyo dabarar tace barasa a Faransa lokacin yaƙin, ya dawo gida ya gwada ta da bammi. Aikin ba ya bukatar masana'anta. Ana kayar da itacen kwakwa, a huda kansa, a tara ruwan da ke ɗigowa, a bar shi ya yi tsami na wasu kwanaki. Sai a zuba a ganga a rufe, a hura wuta a ƙarƙashi, tururin ya bi ta siririn bututu da aka ratsa ta cikin gangunan ruwan sanyi, ya fito ɗis-ɗis fari tas kamar ruwan rijiya, amma da ƙarfin da ya ninka na bammi sau da dama. Gwamnatin mallaka ta haramta ta, kamar yadda Ingilishi suka haramta ogogoro a Najeriya da akpeteshi a Gana. Hujjar da aka bayar ta lafiya ce, sai dai sanin kowa ne cewa sodabi tana rage kuɗin kwastan, tana kuma cinye itatuwan da ake son su ba da manja. Hanin bai kashe ta ba. A yau ana sayar da ita a lunguna da ƙaramin kofin gilashi, sau da yawa an jiƙa saiwoyi da ɓawon itace a ciki, ana tallarta a matsayin maganin zazzaɓi, basur ko ƙarfin maza. Wannan talla ta ƙarshe tana da nata alhakin wajen ɗaura barasa da mazantaka a tunanin samari.

Giyar kwalba ta zo da zamanin 'yancin kai. Dahome ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, birnin ya zama ƙofar teku ta Nijar. Kaya sun riƙa tashi ta dogo zuwa Paraku, manyan motoci su ɗauka ta Malanbil da Gaya zuwa Yamai da Maraɗi. Wannan ya cika Zongo da direbobi, 'yan kamasho, masu fiton kaya da wakilan alhazan Maraɗi, daga baya kuma dillalan motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda har Kano ake ce musu 'yan Kwatano. Gwamnatin Mathieu Kérékou, wadda ta hau a 1972 ta sauya sunan ƙasar zuwa Benin a 1975, ta mayar da kamfanin giya mallakar gwamnati. Bayan taron ƙasa na 1990 aka sayar da shi, ya zama SOBEBRA a ƙarƙashin rukunin Castel na Faransa. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya tabbatar da cewa gwamnati ba ta bin wani addini, don haka babu wata hukuma irin Hisbar Kano da ke fasa kwalabe. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi sun kai kusan kashi 28 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, Kwatano kuwa na da mutum kimanin 679,000.

Ɗalibai sun shigo wannan tarihi a makare. An kafa Jami'ar Dahome a 1970, ta koma Jami'ar Ƙasa ta Benin a 1975, sannan a 2001 aka raba ta biyu: Jami'ar Abomey-Calavi a arewa da Kwatano, da Jami'ar Paraku. Yawan ɗalibai ya haura dubun-dubata, ɗakunan kwanan jami'a ba su ɗauki ko kusa da su ba, sai akasari suka koma haya a unguwanni irin su Zogbadjè da Godomey. Sakin harkar ilimi ga 'yan kasuwa bayan 1990 ya haifar da jami'o'i masu zaman kansu da yawa, wasu a bene guda na haya, wasu suna koyarwa da Ingilishi domin jawo 'yan Najeriya. Ƙarancin gurbi a jami'o'in Najeriya da dogayen yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, irin na 2013 da 2020 da 2022, sun tura dubban matasa tsallake iyakar Seme, cikinsu da 'ya'yan Hausawa maza da mata. Ga irin waɗannan, Zongo wuri ne na sallar Juma'a, cin tuwo da jin harshen gida. Amma ba a Zongo suke kwana ba, ba kuma dattijan Zongo ne ke da alhakinsu ba. Yarinya 'yar shekara 17 ko 18 takan tsinci kanta a ƙasar da ba ta jin Faransanci ko Fon, ba ta san ofishin 'yan sanda ba, takardun zamanta ma wani lokaci ba su cika ba. Binciken da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa a Disambar 2023, inda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, ya sa gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Takardu aka yi ta cece-kuce a kansu, ba a ce komai ba game da tsaron ɗaliban da ke zaune a makarantun da babu mai sa musu ido.

Wani ɓangare na wannan tsaro shi ne dangantakar barasa da fyaɗe a tsakanin ɗalibai, wadda aka fi nazarinta a Amurka. Binciken Mary Koss na 1987 ya nuna cewa mafi yawan ɗaliban da aka yi wa fyaɗe sun san wanda ya yi musu, ba ɓarawon dare ba ne. Antonia Abbey ta Jami'ar Wayne State ta tattara nazarce-nazarce a 2002, ta ce kimanin rabin irin wannan ta'asa a tsakanin ɗalibai yana faruwa ne bayan mai laifin, ko wadda aka zalunta, ko dukansu sun sha. Alƙaluman na can ne, amma yadda barasa ke aiki a jiki ɗaya ne ko'ina. Tana dushe tunanin abin da zai biyo baya, ta sa mai mugun nufi ya fassara murmushi ko karɓar gayyata a matsayin yarda. Tana raunana ƙarfin turjiya. Idan ta yi yawa cikin ɗan lokaci, takan hana ƙwaƙwalwa adana abin da ya faru, mutum yana tafiya yana magana amma gobe bai tuna komai ba. Mace kan bugu da abin da bai kai na namiji ba, wanda bai saba sha ba kuma ya fi kowa saurin faɗuwa. Nan ne hatsarin ya fi kusa da ɗalibar da ta taso a gidan da ba a taɓa ganin kwalba ba: ba ta san ɗanɗanon barasa a cikin lemo ba, ba ta san ƙarfin sodabi ba. Barasar leda mai araha da ƙwayar tramadol, wadda ta yaɗu a Afirka ta Yamma cikin shekarun 2010, sun ƙara sauƙaƙa abin, har hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar da hana barasar leda a farkon 2024.

Duk da haka, barasa ba ta yin fyaɗe, mutum ne ke yi. Dubban mutane na sha ba su taɓa kowa ba, ana kuma yi wa mata fyaɗe a garuruwan da babu mashaya ko ɗaya. Sau da yawa kwalba makami ce da aka zaɓa da gangan, kuma mai zaɓenta ba kullum ɗalibi ba ne. Shirin binciken BBC na Oktoban 2019, wanda Kiki Mordi ta jagoranta a jami'o'in Legas da Gana, ya nuna yadda wasu malamai ke jan ɗalibai mata zuwa keɓaɓɓen ɗakin shaƙatawa inda ake ba su abin sha. A jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, ciki har da Benin, maganar ba da maki a madadin jiki tsohon zance ne da ɗalibai suka daɗe suna yi a tsakaninsu.

Abin da ya fi daɗewa bai sauya ba shi ne wanda ake ɗora wa laifi. A cikin gari, ana sassauta wa namiji da cewa giya ce ta kwashe shi, ita kuwa a ce wa ya aike ta. A cikin al'ummar Musulmi nauyin ya ninka, domin yarinyar da za ta kai ƙara dole ta fara amsa tambayar me ya kai ta wurin, da wa ta je, me ta sha. Tsoron a ce ta zubar da mutuncin gida, a cire ta daga makaranta, ko ta rasa mijin aure, ya fi tsoron mai laifin. Iyaye da yawa sun gwammace a rufa asiri, a sasanta a zaure. Wannan ɗabi'a ba ta da madogara a littattafan da malaman zangon kansu ke karantarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta tanadi bulala 80 ga wanda ya sha giya, amma fiƙihun Malikiyya bai ɗauke wa mashayi alhakin ta'asar da ya yi cikin maye ba, tun da shi ya jawo wa kansa. Haka kuma ya ɗauke haddi daga matar da aka tilasta, ya ɗora wa wanda ya tilasta ta hukunci da biyan sadakin irinta, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik. Laifin sha daban, laifin fyaɗe daban, kuma na farko bai halatta na biyu ba. Al'ada ce ta cakuɗa su, wadda aka zalunta ta biya kuɗin cakuɗawar.

Dokokin Benin sun ɗauki lokaci kafin su iso nan. Doka mai lamba 2006-19 ta 5 ga Satumba 2006 ita ce ta fara hukunta matsa wa mutum da neman lalata a wurin aiki da makaranta. Doka mai lamba 2011-26, wadda aka sa wa hannu ranar 9 ga Janairu 2012, ta fayyace fyaɗe da rashin yardar da aka bayar cikin hankali da son rai, ta kuma bayyana cewa ba sharaɗi ba ne sai wadda aka auka wa ta yi kokawa. Ma'anar wannan a fili take: wadda maye ya gusar wa hankali ba ta ba da yarda ba. A Najeriya ma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ambaci amfani da duk wani abu da ke gusar da ikon mutum a cikin ma'anar fyaɗe. Amma doka a takarda ba ta buɗe baki. A Mayun 2020 'yar jarida Angela Kpeidja, ta gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Benin, ta fito fili ta yi magana kan cin zarafin mata a wurin aiki, maganar ta girgiza ƙasar har ta kai fadar Shugaba Patrice Talon. A 2021 aka sake fasalin Cibiyar Mata ta Ƙasa, INF, aka ba ta ikon shigar da ƙara a madadin waɗanda aka zalunta. Ranar 20 ga Disamba na shekarar aka sa hannu kan doka mai lamba 2021-11, wadda ta tsananta hukunci, ta haramta soyayya tsakanin malami da ɗalibarsa, ta kuma miƙa manyan laifukan wannan fanni ga kotun musamman ta CRIET da aka kafa a 2018.

Ta fuskar jinya, akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Kwatano, Abome da Paraku, inda ake haɗa likita, mai ba da shawara da jami'in shari'a wuri guda. Lokaci na da muhimmanci a nan, domin maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, shaidar da likita zai tattara kuma tana raguwa da kowace rana. Kwanakin da iyali ke ɓatawa suna shawarar ko a faɗa ko a yi shiru su ne kwanakin da ake asarar magani da hujja. Dokokin Benin sun shafi duk wanda ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa ko baƙo, don haka ɗalibar da ta zo daga Kano, Zariya ko Maraɗi tana da haƙƙin kai ƙara daidai da 'yar Kwatano, ko ta sha ko ba ta sha ba.